Zalɓen Mashigin Ludlow

Ga ta nan, ga ta nanku.

A Ludlow, inda kogin Teme ke lasar gindin ganuwa,
zamanin da ake auna namiji da tsawon takobinsa,
an yi wani barde, Osbern, ɗan masu gidan dutse.
Sulke na walƙiya, doki fari,
girman kai kuwa ya fi ƙarfin kwalkwalinsa.

Ranar kasuwar ulu ya faɗo mashigi a sukwane.
Wata tsohuwa na tsakiyar ruwa, tana dogara sanda.
Bai ja linzami ba.
Laka ta rufe mata ido, kwandon ƙwanta ya bi kogi.
Ta share fuska da gefen mayafi, ta ce:
"Ɗan nan, ba a koya maka jira ba.
Tsaya nan da ƙafa ɗaya,
sai ranar da wani ya jira ka
ba tare da ya san ɗan gidan wa yake jira ba."

Doki ya koma gida da sirdi wayam.
Aka kaɗa ƙararrawar coci kwana uku,
aka raba gado, aka koma cin nama.
A mashigi sai ga zalɓe, toka-toka, wuya kamar lauje,
shekara bakwai yana kallon fuskarsa a ruwa.

Aldusa 'yar marina ce ke zuwa da asuba ɗauraye zare.
Shuni ya kama hannunta har gwiwa,
ba toka ba sabulun da ke fitar da shi.
Samarin gari in sun gan ta sai su ɓoye nasu hannun a riga.
Ita kuwa zalɓe take wa hira:
tsadar itace, tarin da ke hana babanta barci,
wata waƙa da ta manta ƙarshenta.
Shi dai ya karkata kai. Bai taɓa sauraron kowa haka ba.

Hunturu ya zo, kogi ya daskare kamar faranti.
Kullum takan kawo muciyar rini ta fasa ƙanƙara
daidai faɗin faifai, don ya sami kifi.

Ran nan mafarauta suka fito daga gidan dutse,
ƙanin Osbern a gaba, shaho a damtsensa.
Aka saki shaho. Gashin toka ya watsu a sama.

Da asuba ta fasa ƙanƙara. Babu zalɓe.
Ramin ya soma haɗewa, ta sake fasawa.
Rana ta yi tsaka, zare ya sandare a kwando.
Babanta ya kira daga kan gada har murya ta dushe.
Dare ya yi, dusar ƙanƙara na zuba a kafaɗarta,
ta fasa, ta fasa,
yatsunta shuɗi biyu: na rini da na sanyi.

Gari na wayewa ciyayin bakin ruwa suka motsa.
Wani mutum ya rarrafo, tsirara, furfura a gemu,
sawun farce uku a kafaɗarsa.
Ta yafa masa ɗanyen ƙyallen da bai gama bushewa ba,
shuni ya zauna a fatarsa.
Ya ce, "Ni ne Osbern, ɗan masu..."
Ta ce, "Ban tambaye ka ba. Tsuntsuna nake jira."
Ya karkata kai.
Muciya ta faɗi daga hannunta.

Bai hau tudu neman gadonsa ba.
Ƙanin ya riƙe hasumiya, da shaho, da bashin sarki.
Shi ya koyi tuƙa baba a tukunya,
hannunsa ya yi shuɗi, har ba a gane na wa ne na wa
in sun riƙe juna a hanyar coci.

An ce har ya tsufa, in tunani ya kama shi,
yakan naɗe ƙafa ɗaya bai sani ba,
jikoki su yi ta dariya a bayan ƙofa.
Kuma ba tsohuwar da ta sake jiƙa zane a mashigin nan,
don a bayansa suke hayewa, su da ƙwansu.

Ƙurungus.