Garkuwar Aro

Ƙarfe tara na dare a Dang,
jirgin Yawunde ya daɗe da barin Ngaundare.
Ni kaɗai, da farantai goma sha biyu,
da firji mai tarin tsofaffi.

A cikinsu akwai ƙwayoyin da na tsamo
daga ƙwaryar kindirmon Goggo Jebba,
ƙananan da ido bai taɓa gaisawa da su ba.
Su ke sa madara ta yi tsami, ta kama jiki,
su suka biya mini kuɗin makaranta shekara bakwai.

Iskar da ke raya mu ita ke cin su.
Ka ga yadda tsatsa ke lasar kwanon rufi,
yadda yankakken yalo ke baƙi kafin la'asar?
Haka iska ke tartsatsi a cikin ƙwaya,
ta huda bango, ta yaga rubutun gado,
ba hayaƙi, ba kururuwa.

Wasu halittun an yi su da 'yan kwana-kwana a ciki,
sinadari mai kashe tartsatsi tun bai kama ba.
Nawa da ƙarancinsa suka zo duniya.
Sai muka ƙera musu na aro:
gari ruwan ƙasa a 'yar kwalba,
manganis a tsakiya, zobe ya kewaye shi.
Ba rai, ba uwa, ba dangi,
a kwaikwayo ya koyi sana'a.

Na ɗiga musu ruwan nan mai kumfa
da ake wanke ciwo da shi.
Shida na ba su garkuwa,
shida na bar su da ƙirji a buɗe.

Washegari Hamajoda ya riƙe fitila, ina ƙirge.
Marasa garkuwa: fili fetal,
kamar kasuwa bayan magariba.
Masu garkuwa: ɗigo-ɗigo farare,
ɗari biyu da sittin da uku,
na ƙirga sau biyu, hannuna na rawa.

Sai zari ya kama ni.
Na ninka garin sau goma.
Kwana biyu, faranti ya koma kufai:
mai kashe gobara ya juya yana hura ta.

Akwai kuma baƙon da ban gayyata ba,
ɗigo rawaya a gefen faranti na huɗu,
irin mai ruɓar da ciwo.
Shi ma ya tsira, har ya yi ƙiba.
Garkuwa ba ta tambayar sunan mai riƙe ta.
Wannan na rubuta da jan biro,
na daɗe ban rufe littafin ba.

Ran Juma'a Goggo ta ce, "To, me kika gano?"
Na fara zancen iska da tartsatsi.
Ba ta bari na kai ƙarshe ba,
ta miƙo mini faifai:
"Rufe ƙwaryar nan, 'yata, tun ɗazu take a buɗe."