Allon da Ya Zame

Iskar daren Talata ta taso daga teku,
ta bi layin gidajen Blaenau tana lalube,
ta zare allon dutse guda daga rufin Menna
kamar haƙorin da ya daɗe yana girgiɗa.
Da safe muka tarar da bokiti a kan gadonta,
ɗis, ɗis,
yana lissafin abin da za ta biya mu.

Na sunkuci tsani, jikina har rawa yake.
Idwal ya ce, ajiye.
Ya shafi bango, ya nuna mini tafinsa a jiƙe:
"Raɓa ba ta tashi ba, Gwenno.
Gansakuka ta sha ta ƙoshi, ta fi sabulu santsi.
Rufi ba ya gudu. Zo mu sha shayi."

Muka sha kofi biyu, tumaki suna kallonmu daga tudu.
Sai da hantsi ya dubi ludayi
ya bar ni na kafa tsanin.
Ya daddage ƙafarsa, ya ɗaure wuyansa,
ya tura na biyu mai ƙugiya har ya cafki tozon rufi,
ya ja ɗamarata, ya ja igiya, ya sāke ja,
kamar mai ciniki da bai yarda da awo ba.

Shi ba ya hawa yanzu.
Shekara ashirin da shida ke nan
da ya ce wa matarsa aikin minti biyar ne,
ya bar igiya a bayan mota.
Minti biyar ɗin suna nan a ƙugunsa na hagu,
su ne ke fara sanar da shi zuwan damina.

A sama, duniya ta karkace.
Hayaƙin makwabta yana shiga idona,
gari ya koma akwatunan ashana.
Na tuna: hannu biyu da ƙafa ɗaya,
ko ƙafa biyu da hannu ɗaya,
kada ka ba iska fiye da haka.

Allon yana nan, ya maƙale a bakin indararo.
Na ƙwanƙwasa shi da guduma, ya amsa ƙal,
lafiyarsa lau, ba shi da laifi.
Ƙusa ce tsatsa ta cinye a ɓoye,
shekara ɗari tana riƙe da dutse ba wanda ya gode mata.
Na zura ƙarfe na fizge guntayenta,
na kafa siririn jan ƙarfe a katako,
na tura allon a hankali ƙarƙashin 'yan'uwansa,
na lanƙwasa bakin ƙarfen ya tallafe haɓarsa.

Can gefe, taku uku kacal, wani ya ɗan karkata.
Na miƙa hannu.
Daga ƙasa murya ta zo, ba tsawa:
"Sauko, mu matsar da tsani."
Na ce ai yana kusa.
Ya ce, "Nawa ma yana kusa."

Na sauko. Muka matsar. Na koma.

Da la'asar Menna ta juye bokitin a kan furanninta,
ta ƙirga mana kuɗi da wainar zabibi biyu.
Idwal yana naɗe igiya a gwiwar hannu,
ɗingishinsa a gaba, ni a baya da tsani,
gwiwoyina sai yanzu suka tuna su yi rawa.