Gyara Don Iskar da Ban Shaƙa Ba

Seyni ya kawo shi a bayan akori-kura,
babur ɗin ruwa, ja wur kamar tattasai,
ya sauke mini a gaɓar Gamkalle
inda Sorkawa ke shanya taru.
Ya ce aiki ya mai da shi wata ƙasa,
akwai tafki can bisa duwatsu
inda matakala uku ke sa ƙato haki.
"Tankari, gyara shi ya san can."

Ni da duk tsayin da na taɓa hawa
bai wuce gadar Harobanda ba.

Na buɗe cikinsa da safe.
Nomau, yarona, na riƙe da kwanon kusoshi.
Na ce masa: inji ma numfashi yake.
A nan Yamai iska ƙosassa ce,
yana haɗiyarta da mai, lomar tuwo da miya.
Can sama tuwon ya ragu.
In ka bar miyar yadda take
sai ya ƙware, ya yi tari,
buji ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Sai na cire ƙofar mai daga kabireta,
ƴar huda, idon allura,
na sa wadda ta fi ta ƙanƙanta.
Na sassauta wa farfela lanƙwasarta
don kada ta ciji ruwan da ya fi ƙarfinta.
Sukurun iska, kwata, sai rabin kwata,
ina juyawa ina saurare
kamar mai jiran sallama da dare.

Nomau ya ce mu gwada.
Muka tura shi cikin Isa,
dorinar ruwa ma ba ta ɗaga kai ba.
Ya tashi da ƙara siririya, mai yunwa,
jikinsa ya ɗau zafi kafin mu kai tsibiri.
Na kashe.
Yaron ya dube ni: "Maigida, ka ɓata shi."

Ban ɓata ba.
Na dai sa ya daina zama ɗan nan.

Bara waccan na raka Rakiya tasha,
ƴata, za ta karatu inda ake sa safa biyu.
Na cika mata jaka da kilishi da nasiha
har zik ɗin ya ƙi rufuwa.
Wasiƙarta ta fari ta ce:
Baba, rabin abin da ka ba ni ya yi nauyi a nan.

Seyni ya zo da la'asar, ya biya, bai taya ba.
Na ɗaure tsohuwar ƙofar mai a tsumma,
na sa masa a aljihu:
"Ranar da ka sauko, ka mayar.
In ka isa, yi gudu kaɗan, ka ciro buji.
In ya yi launin soyayyar gyaɗa, na dace.
In ba haka ba, kira ni,
kara wayar a jikin injin,
ni zan ji."

Motar ta hau tudu.
Nomau na wanke hannu a kogi,
ni kuma ina ta jan numfashi
ina ƙirga abin da ke ciki.