Naɗi Bakwai

Ruwan la'asar ya rufe Bandung,
ya koro ni da babur ɗina
ƙarƙashin rumfar Kang Darsa,
shagon da mutum uku ke cika shi maƙil.
Shekara ashirin yana naɗin kwayil ɗin fanka
kafin fankoki su yi arha, a daina gyara.
Yanzu ga jarinsa a kan tire:
waya mai kaurin gashin wutsiyar doki,
ƙusa guda, auduga, almakashi,
da ɗan ma'aunin om da yake shafa
kamar mai awon zinari.

"Yadda ka saba?" Na gyaɗa kai.
Bakwai ya naɗa a jikin ƙusar,
kowane zagaye na jingine da ɗan'uwansa.
Ya ɗaure ƙafafun, ya ɗora a ma'auni:
om ɗaya da ɗigo biyu.
Ya taɓa maɓalli, ya saki, ya sake taɓawa,
har ja ya tsiro daga cibiyar naɗin
ya rarrafa zuwa gefe.
"In ya fara daga baki," in ji shi,
"da sauran magana."

Siririyar waya mai gardama ce.
Wuta ta zo da gudu, ta ce mata dakata,
bi ni a sannu, ƙofar ƙarama ce.
Sai tururin ya fito kaɗan, da ɗumi-ɗumi,
kana ja yana ja,
kamar sigarin kanumfarin nan
da na yi shekara goma sha tara ina ba shi kuɗin cefane.

Muna nan sai ga Gilang, jiƙe sharkaf,
ɗan makaranta, hula a juye.
Shi gajimare yake so.
Waya mai kauri, naɗi biyu gefe da gefe,
a sauke masa om ɗin har ƙasa,
yadda in ya busa ba za a ga fuskarsa ba.
Darsa ya karɓi batirin, ya juya shi a haske,
ya ga inda rigarsa ta yage.
Bai ce uffan ba.
Babban yatsansa kawai ya miƙa masa,
wanda fatarsa ta yi sumul, babu zane,
tun ranar da wani batir ya yi fushi a hannunsa.
"Waya mai kauri ba ta hana wuta komai.
Abin da ta roƙa, batir zai bayar,
ko da ba shi da shi."

Suka yi ciniki kamar masu sayen akuya.
Aka tsaya a rabin om, da sabon batir.
Yaron ya zuƙa, shagon ya ɓace,
ƙamshin mangwaro ya cika mana ido.
Ya zuƙa na biyu, na uku, na huɗu,
bai tsaya ya jiƙa audugar ba.
A na biyar ta ƙone.
Ya durƙusa yana tari, hawaye shaɓe-shaɓe,
yana cewa kamar ya haɗiyi tsumma a wuta.
Darsa ya miƙa masa shayi, yana kallon titi.

Matata Euis ta ce duk kanwar ja ce,
na sauya wa jaraba riga ne kurum.
Ban musa ba.
Na ji tarin mahaifina ta bangon gora
damina shida, har ya daina,
kuma ban san me wannan zai bar mini a ƙirji ba.
Abin da na sani, bara naɗi shida nake so.

Ruwa ya tsagaita. Wayata ta yi ƙara:
wata mata a Cihampelas, da buhun shinkafa.
Na goge sirdi da hannun riga.
Darsa ya ɗago ƙusar, ya ce,
"Wata mai zuwa, takwas?"
Na ce sai na gani.