Fasawa Ma Aike Ce

Ƙarfe biyu na dare a Jidda,
gumin teku na lasar gilashin taga.
Ni kaɗai a hawa na shida, shayina ya huce,
ina farautar ƙwaron da ke ci mana lissafin kwantena
sau ɗaya a mako, kuma ba ya sa rana.

Ga yadda aikin yake.
Ka ce wa zuciyar na'ura, "Ɗebo mini daga faifai,
ga gurbi na share a ƙwaƙwalwa, zuba a nan."
Ba ka tsayawa jira,
ka juya ka kama wata hidimar.
Ɗan aiken zai dawo sa'ad da ya dawo.

Nawwaf, wanda ya riga ni zama kujerar nan,
ya bar layi uku, rubutun mai saurin riskar jam'i:
a fasa aiken,
a saki gurbin,
a wuce.
Na daɗe ina kallon layi na biyu.
Nan ɓarawon yake kwana.

Don fasawa ma aike ce.
Ita ma da ƙafa take tafiya, ita ma layi take bi.
Kafin ta cim ma na farko
ƙila ya riga ya ɗebo, yana kan hanya,
ya iso ya tarar an ba wani gurbin.
Shi bai san fuska ba, adireshi ya sani,
sai ya juye kayansa bisa kayan baƙo.
Gari ya waye kwantenar shinkafa ta koma ta tayoyi,
a tashar jirage a yi ta zagin magatakarda
wanda bai ji ba bai gani ba.

Iya Dije ta san wannan,
ita da ba ta taɓa danna madanni ba.
A Mai Wurno, in ta aiki Sirajo kogi da jaki
sai hadari ya haɗo, takan tura yaro ya ce ya fasa,
amma ba ta juye dawa a randar.
"Bar ta haka. Randar tasa ce
sai ya shigo ya ce bai ɗebo ba."

Na gyara: a fasa, a jira.
Amsar na iya zama an tsayar da shi,
ko ai ya riga ya gama,
ko yana tsakiyar ruwa, sai ya fito.
Kowace ta zo, hannunka kada ya kai gurbin
sai aiken farko ya yi sallama da bakinsa.

Sai idona ya faɗa kan waya.

Yau kwana tara da na tura wa Sirajo murya,
minti huɗu da daƙiƙa sha ɗaya,
kan gonar bakin ruwa da ya jinginar ban sani ba.
Na faɗi abin da ba a faɗa wa wanda kuka sha nono ɗaya.
Layinsu ya ɗauke, saƙon bai shiga ba,
alama guda, ruwan toka.
Washegari na goge, na zaɓi a goge wa kowa,
na kwanta kamar wanda ya biya bashi.

Ashe ban biya komai ba.
Muryar na can, gogewar na bayanta,
su biyu zaune kamar fasinjoji a tashar Sinnar,
ban san wadda za ta riga shiga mota ba.
Ni kuwa har na soma zuba wasu abubuwa
a wurin da amsarsa za ta sauka:
aiki, barci, "ai ya wuce."

Gwaji ya zagaya sau dubu goma, ƙwaro bai ɗaga kai ba.
Can wajen Balad an fara kiran assalatu.
Na kwashe abin da na zuba,
na ajiye wayar fuskarta sama,
na je alwala na bar ƙofar a buɗe
don in ji in ta yi ƙara.