Shafi na Tamanin da Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Runjin Sambo,
an ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak.
Ni da fitilar waya da hira talatin da ɗaya
da na kwaso tsakanin Kware da Wurno,
na baje su a tabarma kamar shanyar gero.

Aikina tsinta ne.
Jan alƙalami na fushi, shuɗi na amana,
kore na wanda ya karɓi atamfa da taliya,
ruwan ɗorawa na tsoro.
Kowace magana sai na nema mata ɗaki,
in tura ƙyaure, in rubuta lamba a kai.

Wasu na shiga ba gardama.
Wani majemi ya ce: "Ɗan takara awa fata ne,
in ba ta sha bagaruwa ba, wari ta ka yi."
Na ja masa ja, na wuce.
Ɗan kabu-kabu ya ce dubu biyu aka damƙa masa,
ya sha mai da ita, ya dangwala wa wani daban.
Na shafa kore, hannuna na ɗan rawa.

Sai shafi na tamanin da huɗu.
Mai amsa ta goma sha bakwai.
Na goge sunanta kamar yadda ƙa'ida ta ce,
amma ƙa'ida ba ta goge min kaushin hannunta ba,
ko warin albasa a zanenta.
Na tambaye ta: me za ki ce wa waɗanda kika zaɓa?
Ta yi shiru sakan goma sha ɗaya.
Cikin shirun akuya ta yi kuka,
injin ban-ruwa na tari can fadama.
Sannan ta ce: "Allah shi saka masu."
Nan ta ajiye. Ba ta ce da alheri ba,
ba ta ce da waninsa ba.

Zayyanu, abokin tantancewata, shuɗi ya sa.
Godiya ce, in ji shi, ai an haƙa musu rijiya.
Ni ja na sa, don na ji yadda ta jawo "saka"
kamar mai jan guga da ta san ba ruwa a ciki.
Muka auna inda bakinmu ya zo ɗaya:
tamanin da shida cikin ɗari.
Farfesa zai gyaɗa kai.
Tsohuwar kuwa tana cikin sha huɗun da suka rage,
ta miƙe ƙafa, ta ƙi tashi.

Sau nawa na mayar da muryar baya?
Har batir ya fara kuka.
Can na tsargu da kunnena.
Mahaifina ya rasu yana bin layin fansho;
ko fushina nake damawa a ƙwaryarta,
in miƙa wa duniya in ce furarta ce?

Ranar kasuwa na shiga mota na koma.
Na same ta tana ware albasa:
manya nan, ƙanana can, ruɓaɓɓu bayan buhu.
Na ce, Inna, ranar nan wanne kika nufa?
Ta yi dariya har da share ido.
"Ɗiyata, ni na hwaɗi nawa.
Mai sakayya ya san mudun da za shi awo da shi."
Sai ta ɗauko wata, gefe lafiya, gefe ya taɓu,
ta juya ta, ta sake juyawa,
ba ta jefa ta ko'ina ba,
ta ƙulle ta a bakin zane, ta ce ta miyar dare ce.

Yanzu asuba ta kusa, zakaran maƙwabta ya fara.
Alƙaluma huɗu na kwance da murafunsu.
Na ɗauki fensir, na ja layi a gefen shafi,
na rubuta: shiru, sakan goma sha ɗaya, akuya, inji.
Ban san gurbin da zai shiga a babi na biyar ba.
Gobe Zayyanu zai tambaya,
sai in miƙa masa abin ji a kunne.