Ƙugiya

Daren Lahadi, an ɗauke wuta a Gyallesu.
Na kunna fitilar waya, na jingina ta da gwangwanin madara.
Littafin tsara darasi na buɗe a cinyata,
gidajensa na jiran in cike: manufa, gabatarwa, auna fahimta,
sai ka ce yara arba'in da bakwai
za su bi ta ƙofa ɗaya cikin minti talatin da biyar.

Ga dukiyata a kan tabarma:
kwalin taliya da Sha'aibu mai kanti ya bar mini,
almakashin ɗinkin matata, in ta gani akwai shari'a,
marafan kwalba da na tsinto bayan wani biki a Tudun Wada,
sai alli uku. Ɗaya ya karye, sun zama huɗu.

Na yanka kwalin gida-gida,
ina zana harafi a bayan kowanne.
Ba ta wuce, ta ta wuce, ka ta wuce.
Da na zo kan ɗa, hannuna ya tsaya.
Barira ce ta tsayar da shi.

Ran Alhamis ta ɗago littafinta tana murmushi,
ta rubuta: Inna tana daka.
Na ce, me take dakawa?
Ta ce, ba komai, Malam, barci take yi.
Aji ya kece da dariya, har Tanimu ya faɗo daga benci.
Ita kuwa ta lashi yatsa ta murje layin,
har da kalmomin da ta rubuta daidai,
sai da takardar ta huje.

Ƙugiya ɗaya, ba ta kai kan allura ba,
ta tashi Inna daga barci ta miƙa mata taɓarya.
Ta yaya zan gaya wa 'yar shekara bakwai
cewa tsakanin ƙasar da muke takawa
da kasar da ke sara a cikin ciyawa
babu komai sai wannan ɗan lanƙwasa?

Littafin karatu shida gare mu.
Shafi na tara ya bi ruwan bara ta rufin da ke yoyo,
sauran kuma ni na bi su da biro
ina ɗora wa haruffa hular da mai bugu ya manta.

Da asuba na biya ta Ƙofar Doka.
Iliya mai facin keke bai gama buɗe rumfa ba,
na roƙi tsofaffin wayoyi, ya ce, kifi za ka kama?
Na ce, kusan haka.
Na cika farantin silba da yashin Kubanni,
na ɗaure a bayan keke, rabi ya zube kafin Kongo.

Na ba kowa waya, na ce a yi da.
Suka yi. Na ce, to, a sunkuyar mata da kai,
kamar za ta gaida kaka.
Barira ta lanƙwasa tata, ta furta a hankali,
ta miƙe ta, ta sake furtawa,
ta shafa maƙoshinta kamar ta ji wani abu ya motsa.
Ta zana a yashi, ba takardar da za ta huje.

Hedimasta ya duba tsarina da jan biro,
inda na sa kayan koyarwa: waya da yashi,
ya ja layi, ya ɗora alamar tambaya.
Ita ma ƙugiya ce, ban dai ce masa ba.

Yau Laraba. Yarinyar ta kamu da son lanƙwasa,
ba harafin da ya tsira daga hannunta.
Na liƙa hoton doki a allo, na ce a rubuta sunansa.
Ta riga kowa, ta taho a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.
Ta rubuta: ɗoki.

Na riƙe jan biro a sama, na daɗe.
Gobe na gyara mata.